Farin Mai da Idon Rakiya

Ku samarin da kuke zama a bencin mai shayi na bakin layinmu, maganarku ta iso ni. Kun ce sana'ar Baba Idi ba wani abu ba ce, ɗora manja ne a wuta, mutum ya zauna yana jan carbi har ya yi fari, ya ɗura a kwalba. Biyu daga cikinku har sun zo tambayata inda ake yanka ganga. Ban hana ku ba, ba kuma zan hana ku ba. Na dai ce ku dakata in rubuta muku yadda aikin yake, da abin da ya ci mini. Karatuna na lekol, wato boko, bai wuce aji huɗu ba, rubutun Hausa kuwa a rumfar wani ɗan Kano mai sayar da yadi na koye shi da girmana. Inda ya karkace ku daidaita.

A nan unguwar New Bell aka haife ni. Ina da shekara goma sha bakwai mahaifina ya kai ni wurin Malam Buba, mutumin Garwa, wanda yake toya manja a wani fili bayan babbar kasuwar Marché Central. A lokacin man gyaɗa daga arewa yake zuwa, yau akwai gobe babu, in ma ya zo ba kowa ke iya saye ba. Manja kuwa ga shi ko'ina, ganga-ganga daga ƙauyukan Mungo da wajen Edéa. Sai dai mutanenmu ba sa son sa. Suna cewa yana da wari, yana ɓata farar riga, kuma abincin mutanen kudu ne. Baƙon da ya sauka jiya daga Kano ko Damagaram in ya ga jar miya sai ya janye hannu. To aikinmu shi ne mu ƙone jan nan har man ya koma kamar na gyaɗa, masu ƙosai da masu fanke da matan gida su saya.

Wata uku na yi ban taɓa wuta ba. Malam Buba ya ce sai na iya sayen mai tukuna. Akwai wata doguwar sanda da yake zurawa har gindin ganga, ya zaro ta a hankali yana duban abin da ta ɗauko, domin a ƙasa ake ɓoye ruwa da laka. Sannan ya murza man a yatsa, ya sunsuna, ya ɗanɗana. In ya ji yana yaƙushin maƙogwaro, man ya kwana biyu, ba zai yi fari mai kyau ba ko an kwana ana hura masa wuta. Ranar da ya fara aikena ni kaɗai, na leƙa saman ganga na ga mai ja wur yana sheƙi, na ce a ɗora a kura. Da muka buɗe, kusan kashi ɗaya cikin uku ruwa ne da tuƙa. Bai zage ni ba. Ya miƙo mini ludayi ya ce, "Idi, kai ka auro ta, kai za ka zauna da ita." Kwana biyu ina yaɗe man ludayi-ludayi, masu kura suna wucewa suna tambayata lafiyar amarya.

Kayan aikin ba su da yawa. Rabin ganga mai kaurin gindi, duwatsu uku, ludayi mai dogon hannu, murfin ƙarfe da ya fi bakin gangar faɗi, yadin tata, mazurari, bokitin yashi, da farin faranti guda. Ba a cika ganga, kashi biyu cikin uku ake zubawa. Ba a toyi a cikin ɗaki, ba a toyi ƙarƙashin kwanon da yake yoyo, kuma a garin nan da ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko, dole idonka ɗaya yana kan gajimare.

Da kunne ake fara aikin. In man ya ɗau zafi za ka ji yana ƙara yana tartsatsi, wannan ruwan da ke cikinsa ne yake fita. Sai kumfa ta taso. Sai ta kwanta. Sai ya yi tsit. Shirun nan shi ne wurin da ku kuke ganina a zaune kuke cewa hutawa nake yi. Daga nan hayaƙi zai fara tashi, fari da farko, mai shiga ido da ƙirji. In ya fara komawa shuɗi-shuɗi, tsakaninka da gobara bai kai ka je ka kama ruwa ka dawo ba. A tsakanin hayaƙin nan biyu ake ɗiga man a farin faranti a karkata shi. In ya bar sawu ja ko rawaya, da saura. In ya gangara bai bar komai ba, maza ka zare itace, ka rufe, ka matsa. Sai ya huce har za ka iya dafa jikin gangar kake jefa albasa ta kwashe ƙaurin, sannan ka tace.

Tabon da kuke gani daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu na shekarata ta biyu ne. Mai ya kama, harshen wuta ya tashi ya fi ni tsawo, ni kuma na ɗauki butar alwala na watsa. Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, ji na yi. Malam Buba ne ya zo da gudu ya tura murfi ta gefe ya rufe bakin gangar, ya kife yashi a murhu. Da ya gama shafa mini magani ya ce, "Wutar mai ba ta san ruwa ba. Numfashi ake toshe mata." Ku riƙe wannan ko da ba ku riƙe komai ba.

Da tari ya kwantar da Malam Buba, don hayaƙin nan yana bin mutum a hankali, sai ya bar mini filin da masu sayensa. Na yi suna. Hajiyoyi masu ƙosai daga Kassalafam suna aiko bidon, wato jarka, tun da safe. Masu fanke na bakin tasha, har waɗanda ba Hausawa ba, wurina suke zuwa, don maina ba ya kumfa kuma ba ya sa fanke ya yi duhu. Akwai wata tsohuwa mai waina da ba ta saye sai ta ɗaga kwalbar ta kalli rana ta cikinta. "Ɗan nan, in ban ga hasumiyar masallaci ta ciki ba, mayar da abinka." Takan gani kuwa. Aka sa mini Idi Farin Mai, ni kuma na ɗauki sunan na ɗora a kai.

A nan kuskurena ya fara. Na kafa doka a gidana cewa jan mai ba zai shiga tukunyar matata Ladi ba. Mai sana'ar farin mai a ga jar miya a gidansa? Wanda ya fi kowane fari, na ƙarshen tata, shi nake kai mata. Abincinmu kuwa irin na iyayenmu ne, koko da ƙosai da safe, tuwon masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da dare. Ganyayen da matan kudu suke kasawa a bakin hanya ban yarda a saya ba. Gwanda da mangwaro na ce suna kawo wa yara zazzaɓi, haka na taso na ji ana faɗa. Nama sai Juma'a, shi ma ni ake tsame wa mai kyau.

Rakiya ita ce 'yarmu ta biyu. Tana da shekara huɗu na lura da magariba ta yi sai ta daina wasa, ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa. In an aike ta tsakar gida ta ɗauko abu, sai ta yi tuntuɓe da buta, ta taka kwano. Na yi mata tsawa ba sau ɗaya ba, na ce shagwaɓa ce da tsoron duhu. Ladi ce ta ce, "Malam, yarinyar nan dundumi take yi. A garinmu hanta ake gasa wa mai shi." Na sayo hanta wurin mahauta, aka gasa mata kwana uku. Ta warware, ta koma guje-gujenta har bayan sallar isha'i. Na ce to magani ya yi aiki, an gama. Ban tambayi kaina me ke cikin hantar da babu a tuwon gidana ba. Bayan wata biyu ta koma bakin ƙofa, na ce sai an kwana biyu a sake sayowa.

Ba a sake sayowa ba, ƙyanda ta shigo unguwa. Daminar shekarar nan ruwa ya yi ta zuba har lambatu suka cika suka shigo gidaje, itace ya jiƙe, sai in yi kwana huɗu ban hura wuta ba. Gida-gida yara suna kwance. Da ta kama Rakiya muka yi abin da ake yi. Aka sa ta a ɗaki aka rufe taga. Ba wanka, ba nama, ba ƙwai, ba abin da ya taɓa mai, sai koko tsararo. Asibiti kuwa manya sun ce allura tana mayar da ƙurajen ciki, ni ma na tsaya a kan haka.

Muna da maƙwabciya, Mami Pauline, 'yar ƙabilar Basa, mai sayar da gasasshen kifi. Katangar kwano ce kawai tsakaninmu, tarin yarinyar tana jin sa. Ta shigo da wata 'yar kwalba cike da manja ɗanye, ta same ni a zaure, ta yi mini magana da Turancin buroka.

"Masa Idi, ba ta cokali ɗaya safe da yamma. Ka zuba mata a koko. Mu haka muke yi wa namu."

Na ce, "Mami, mun gode. Mu mai ƙyanda ba ya cin mai."

"Wannan ba irin naka ba ne da ka kashe a wuta. Wannan da ransa."

Na yi dariya, na ce, "Ni za ki koya wa mai? Shekara nawa ina cikinsa?"

Ta ce, "Kana cikinsa, amma 'ya'yana shida, ba wanda yake lalube da yamma." Ta ajiye kwalbar a kan tabarma ta fita. Ni kuma na ɗauka na bi ta da ita har ƙofarta, na ce kada ta ji haushi, al'ada ce ta bambanta.

Ƙurajen suka bushe, zazzaɓi ya sauka, amma yarinya ta ƙi buɗe ido. Ko fitila aka shigo da ita sai ta kife fuska a katifa. Muka ce kwantsa ce, aka wanke da ruwan ɗumi, aka sa mata tozali. Kwana biyar ana haka. Ran na shida da safe ina ɗaura bidon a kura, Ladi ta fito da mayafinta, yarinya a goye. Tun da na aure ta ba ta taɓa fita ban ce ta fita ba.

"Malam, na buɗe idon da hannuna na gani. Asibiti za ni. In ka yarda mu tafi tare, in ba ka yarda ba ka same ni a can."

Na bar kurar a nan na tare mana tasi.

Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu Bahaushe ne haifaffen unguwar nan, Usmanu, na san mahaifinsa a masallaci. Ya kwantar da ita, ya ɗaga fatar idon hagu a hankali, ya daɗe yana dubawa da 'yar tocila. Baƙin idon ya zama fari fat, ya yi laushi kamar dafaffen ƙwai. Ya duba na dama. Shi ya bushe, ba ya sheƙi, ga wani abu kamar kumfar sabulu a gefe, da ɗan gajimare ya fara hawa. Ya juya ya yi wa likita magana da Faransanci da sauri, abin da na tsinta kawai shi ne "tout de suite", wato maza-maza. Ya kawo wani ɗan ƙwanson magani mai taushi, ya yanke bakinsa da almakashi, ya matse a bakinta. 'Yan ɗigo ne na mai, ba su cika rabin cokali ba.

Ya ce, "Wannan bitamin A ne. Yau ɗaya, gobe ɗaya, bayan mako biyu ɗaya. Na hagu, Malam Idi, ba zan yi maka ƙarya ba, ya riga ya tafi. Na dama muke kokawa a kai."

Na ce, "Ƙyandar ce ta ci shi?"

"Ƙyanda ta zo ta tarar da rumbu ba kowa. Jiki yana ajiye abin nan a hanta, shi ke sa ido ya jiƙe, shi ke sa mutum ya gani da yamma, shi ke taimakon yaro ya yaƙi cuta. Ƙyanda tana cinye wanda ta samu. Yaron da ke da ajiya yakan tsallake. Ta taɓa yin dundumi?"

Ladi ta ce ta yi. Ya tambayi abin da take ci, Ladi ta lissafa masa. Ya ce ba ganye? Ba gwanda, ba mangwaro, ba karas? Ta ce babu. Ya ce, "To manja fa? A garin nan ko wanda ba shi da komai yana da manja, shi ya sa ba mu cika ganin irin wannan ba."

Ladi ta juyo ta dube ni. Usmanu ya dubi hannuna, ya dubi rigata mai ɗigon mai, sai ya tuna sana'ata. Ya sassauta murya.

"Malam Idi, jan nan da kake ƙonewa, shi ne abin. Shi jiki yake juyawa ya zama wannan da na matsa mata yanzu. In man ya yi fari a farantinka, ba sauran ko kaɗan a ciki. Maiƙo ne kawai."

Ganga nawa na toya kafin ranar nan, ban sani ba. Kuma duk unguwa an shaida ba wanda ya kai ni iya fitar da shi tas.

Aka rufe mata idanu biyu da auduga, aka ba mu gado. Kowace safiya Usmanu yakan zo ya buɗe na dama ya duba ya mayar, ba ya cewa komai sai "mu ƙara haƙuri". Mami Pauline ta zo ran na biyu da kwanon faten dankali mai ganye, ta yarfa manja a kai bayan an sauke. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma tuna mini komai ba. Ta zauna ta ba yarinyar da hannunta. Ran na huɗu da aka cire audugar, Rakiya ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce, "Inna, ɗankwalinki ya karkace." Usmanu ya ce gajimaren ya janye, sai ɗan tabo a gefe wanda ba zai tare mata gani ba. Na hagu ya warke da hakiya, fari, yadda kuka san shi.

Za ku so in ce daga ranar na bar sana'ar. Ban bari ba. Ita na iya, da ita na ciyar da mutum bakwai, kuma mai ƙosai ba za ta soya da ɗanyen manja ba ko na yi mata wa'azi. Abin da na canza kaɗan ne. Na ajiye bidon ɗaya na ja mai kyau a gefen rumfa. Duk matar da ta sayi fari don girkin gida, sai in ɗura mata ja a 'yar kwalba in ce, wannan na yara ne, a zuba a abinci bayan an sauke daga wuta, kada a soya shi. Wasu sun karɓa. Wasu sun yi dariya sun ce Idi Farin Mai ya zama Basa. Tsohuwa mai waina ta ce, "Ɗan nan, tsufa ne ya kama ka tun yanzu?" Na ce mata ta zo gida ta ga Rakiya. Ta zo, ta gani, daga nan ita ke karɓar wa jikokinta. Akwai kuma waɗanda na san sun zubar a lambatu kafin su kai gida, kuma akwai gidajen da na shekara goma ina kai wa fari kafin in san komai. Yaransu ban san yadda suka ƙare ba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana bi gida-gida ana ɗiga wa yara bitamin ɗin, ana rigakafin ƙyanda, man kanti ma an ce ana zuba masa. In masu ɗigawa sun zo layinku, ku fito da ƙannenku da 'ya'yanku, kada ku tsaya jin ta bakin masu shayi. In kuma kun ga yaro yana rakuɓewa da magariba, ba tsoro ba ne, ku kai shi a duba, ku kuma duba tukunyar gidan. Wanda zai shiga sana'ar nan a cikinku ya shiga da sanin abin da yake sayarwa da abin da ya cire daga ciki, ya faɗa wa mai saye da bakinsa.

Rakiya ta yi karatu da ido ɗaya har ta fi 'yan uwanta. Tana aiki a ofis, tana zaune a unguwar Makèpè da mijinta da 'ya'ya uku. Duk tsawon shekarun nan abin da ake faɗa a gida shi ne ƙyanda ce ta ci idon, ni kuma ban taɓa gyara maganar ba. Bara, bayan rasuwar Ladi, ta zo ta ɗauke ni na yi mako a wurinta. Wata ranar Lahadi da la'asar muna zaune a baranda tana yanka wa yara gwanda, na ce ina da magana. Na faɗa mata duka, dokar da na kafa, hantar da ban sake sayowa ba, kwalbar da na mayar, kwana biyar na tozali. Ba ta daina yankan ba har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Baba, Inna ta gaya mini tun ina firamare."

Na ce, "Ba ki taɓa ce mini komai ba."

"Ina jira ne ka faɗa da kanka."

Ta ajiye wuƙar. Sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya tana nemana, don ta hagunta na zauna, ta nan kuwa ba ta ganin kowa.

"Taso ka dawo wannan gefen," ta ce. "Kullum can kake zama. Ina so in riƙa ganinka."

Na ɗauki kujerata na koma.